Kuɗin Keken Surfani

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Shawara nake nema. Ka san shekara uku ina tara kuɗin keken surfani, har yau shagon wasu nake kai aikin ina biya. An nuna min manhaja biyu a waya. Ɗaya tana saya wa mutum hannun jari, kuma ya cire kuɗinsa duk sanda ya so. Ɗayar kulle kuɗin take yi sai ranar da ka sa mata. Wacce ka gani?

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Muna lafiya lau. Wannan ma har abin tambaya ne? Ta farkon mana! Ita nake amfani da ita, wata shida ke nan, kuma ribar ta fi ta waccan nesa ba kusa ba. Kuɗinki ne fa, da guminki kika same su, a ce sai kin jira izinin waya kafin ki taɓa? Haba! Ki bar lissafi a hannun masu lissafi, ke dai ki riƙe almakashinki.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa, na gode da shawara, amma mai kullen na ɗauka. Kada ranka ya ɓaci. Ribarka ta fi, ban musa ba. Sai dai ni na san hannuna. Sau uku kuɗin nan suna kusa cika, sai wani ya shigo shago ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ni kuwa ban iya cewa babu alhali akwai. Na sa wa manhajar kullen wata takwas. Duk yamma in na share ƙyallaye na rufe taga, sai na tura abin da ya samu. Wallahi har barcina ya fi daɗi.

Taka,
Auta

Autar Mama,

Ya aiki, ya masu kawo ɗinki? Taurin kan nan naki dai sai addu'a. To, wata 'yar matsala ce ta taso. Injin motata ya buga, kuma hannun jarin ya ɗan sauka a makon nan, in na sayar yanzu asara zan yi. Ki taimaka min da rabin abin da kika tara, mako biyu kacal. Na bincika, manhajar taki ana iya fasa kullen, ɗan abin da za su cire kaɗan ne. Ni zan cika miki.

Yayanki mai ƙaunarki

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya kiyaye gaba. Gaskiyarka, ana iya fasawa. Na buɗe wurin jiya, na daɗe ina kallonsa, har na yi kuka, don ina jin nauyinka ƙwarai. Da na so, da na ce maka wayar ce ta hana. Ba ita ba ce, ni ce.

Motar za ta iya jiran jarinka ya tashi. Keken nan kuwa shekara uku yana jira, kuma saura wata biyar. Ba zan fasa ba, Yaya.

A gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta