Gurbi na Biyu da na Huɗu

Malali, Kaduna
Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Yaya Abdulƙadir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubuta maka wannan takarda da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, bayan La'asar, a ɗakin karatun Baba. Kwamfutar tana kunne a gabana, awa biyu ke nan da minti goma ba ta yi ko tari ba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya kai da Anti Samira da Khalid. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sauƙaƙa muku ruwan Fatakwal. Mu nan sai godiya. Gwiwar Umma ta yi sauƙi har tana sallah a tsaye, Husaina na tsakiyar jarrabawar fita sakandare, ni kuma har yanzu ina jiran takardar bautar ƙasa.

Saƙonka ya iso ranar Litinin ta hannun abokinka Zakari: ram guda biyu, 'yan sandunan nan da ke ƙara wa kwamfuta ƙarfin aiki, kowanne giga goma sha shida, a cikin ledarsu. Mun gode ƙwarai. Ka san dalilin da na roƙe ka: da an buɗe hotunan rubutun Kaka sai kwamfutar ta sandare. Shafi ɗari huɗu da goma sha biyu ne, waɗanda ka ɗauka kafin ruwa ya shiga gidan Kawu Ado a Rafin Guza ya jiƙa akwatin takardun. Abin da ya tsira na asalin bai kai shafi sittin ba. Ga shi Baba ya yi wa Malam Yahya, tsohon ɗalibin Kaka, alkawarin zai nuna masa su ranar Juma'a in ya zo daga Zariya.

Jiya da ƙarfe goma na safe na cire waya daga soket, na kwance murfin kwamfutar, na taɓa ƙarfen jikinta kamar yadda aka koya mana. Yaya, gaskiya shekara huɗu na yi ina karatun kwamfuta, amma ban taɓa leƙa cikinta da hannuna ba sai jiya. A kan babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod, akwai gurabe huɗu dogaye a jere kusa da babbar fanka. Na zare tsohon ram ɗin ban duba gurbin da yake ciki ba, ban kuma ɗauki hoto ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Ina riƙe da sababbin ina tunani sai Baba ya shigo da carbinsa ya tsaya a kaina. Da na faɗa masa gurabe huɗu ne, ram biyu, sai ya ce ai wannan ba abin dogon nazari ba ne, sahun gaba ake fara cikawa, kuma ba a barin ɓaraka tsakanin mutum biyu. Ba zan ɗora masa laifi ba, domin ni ma abin da raina ya ba ni ke nan. Na sa su kafaɗa da kafaɗa a gurbi na ɗaya da na biyu, na rufe, na danna. Fanka ta juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a kan bod ɗin ta ƙi mutuwa. Sau uku na gwada. Na mayar da tsohon a gurbi na ɗaya, shi ma shiru.

A karatu na san ram ba ya riƙe komai in an kashe wuta, hotunan suna cikin ma'ajiya ne daban. Amma idan na ƙona bod ɗin fa? Idan aka kai wa masu gyara suka goge komai fa? Sai a lokacin na tuna ba mu da kwafi a ko'ina, har a wurinka, kuma na buɗe na'urar ban fara kwafa ba. Baba bai yi faɗa ba, ya ce kawai Allah Ya kyauta, ya fita masallaci. Da ya yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi. Husaina kuwa ta wuni tana kirana Injiniya, tana tambaya ko a kawo mini guduma. Abincin rana ko taɓa shi ban yi ba. Na so in kira ka, kunya ta hana ni.

Umma ce ta fitar da ni. Yau da hantsi ta ga ina ta zagaye tsakar gida, ta ce ita dai ko keken ɗinkinta da ɗan littafinsa ya zo, wannan abu mai tsada ba shi da nasa? Kwalin bod ɗin yana kan wadirob ɗinta, ta cika shi da kofunan baƙi, littafin kuma yana ƙasa an yi shimfiɗa da shi. A shafi na goma sha bakwai na ga zanen. Ashe gurabe huɗun hanyoyi biyu ne: na ɗaya da na biyu hanya guda, na uku da na huɗu wata hanyar. Idan ram biyu ne, kowanne ya kama hanyarsa don su raba aiki, kuma a wannan bod ɗin ana fara cika na biyu da na huɗu, in ka ƙirga daga fanka. Wato dole a bar ɓaraka.

Bayan Azahar na sake buɗewa. Na daidaita 'yar tsagar da ke ƙasan kowanne da ta gurbin, na danna gefe biyu har na ji ƙas, ƙas. Na yi bisimilla na kunna. Fitilar nan ta sake kamawa, na ƙirga daƙiƙa arba'in da bakwai, sannan ta mutu, sikirin ya kawo haske. Kwamfutar ta nuna giga talatin da biyu cif. Kafin in kira kowa, na kwafe hotunan a filas biyu, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ɗari huɗu da goma sha biyu. Da na nuna wa Baba gurabe biyun da na bari fayau, ya yi dariya ya ce ashe jama'ar wannan na'ura har yanzu sahun zamanin korona suke yi. Sai na buɗe masa shafin farko. Ya matso da kujera, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon rubutun mahaifinsa.

Ka gaida Anti Samira, ka shafa mini kan Khalid. Baba da Umma suna sa muku albarka, Husaina da Kawu Ado suna gaisuwa.

Ga abin da har yanzu ban sani ba, don kada in faɗa maka abin da ban tabbatar ba. Na ɗaya, ko gurbin ne ya jawo matsalar jiya, ko kuwa ban danna su sun zauna sosai ba, domin ban tuna na ji ƙas ba. Na biyu, ko za a iya haɗa tsohon da sababbin. Na naɗe shi na ajiye sai na ji daga gare ka. Na uku, ko Baba ya san kwafi ɗaya tak muke da shi jiya. Ban faɗa masa ba, bai tambaya ba. Amma ya karɓi filas ɗaya, ya naɗe a hankici, ya sa a akwatin takardun nan tare da shafukan da suka tsira.

Ƙanwarka,
Jamila