Ramin da Na Zaɓa da Kaina

Lahadi da dare, unguwar Highbridge

Kafaɗuna ciwo suke, gashina kuma sai warin hayaƙi. Ina shigowa da jakata a baya, Gwaggo Hadiza ta tare ni da kaskon turare kamar mai iskoki. Laifina kawai na bi ƙawata Mariama wani ɗan gari a bakin kogin Hudson. Mun tuƙa kwale-kwale, kowa da nasa, har hannuna ya yi bororo, sannan muka shiga kogo da fitila a goshi. Na yi bisimilla, na yi sallama, ba abin da ya amsa sai muryata.

Gwaggo ta ce, "Ɗiya mace da shiga gidan aljanu! Wallahi sai na kira uwarki."

Na ce, "Gwaggo, kullum da asuba ƙarƙashin ƙasa nake shiga in hau jirgin ƙasa, in je in yi wa tsofaffin wasu wanka. Ba ki taɓa tuna aljanu ba."

Ashe ramin da na zaɓa da kaina ne kaɗai ke da aljanu! Gwaggo ta kira Mama ɗin mana. Ga jakar nan gefen gado, ban kwance ta ba, kuma ba zan kwance ba.