Na Sayar Wa Aminiyata Takardun Man Shinge

Gwaggo Hanatu,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, abin ya kai mini iya wuya. Ki kuma sakaya sunana, domin rabin direbobin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ko muryata suka ji sun san ni. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Ni mai tuwo ce a bakin titi a Tsafe, shekara goma sha tara ke nan ina tuƙi. Kin dai san halin da ake ciki na rashin mai tun shekarar da aka ba mu jiha. Man gas ya zama sai wane da wane, injinan niƙa na ƙauyuka suka yi shiru, mata suka koma turmi har da tsofaffi masu ciwon ƙugu. Ana cikin haka wani bawan Allah a Gusau, Malam Shu'aibu, wanda ya tsufa yana gyaran inji a gidan gurzar auduga, ya ce shi zai fid da man inji daga 'ya'yan bini-da-zugu. Bini-da-zugun nan dai da muke shinge da shi, wanda ko akuya ba ta kallo. An yi masa dariya har an gaji. Shekara guda yana matsa yana tacewa yana haɗawa da wasu magunguna da yake sayowa daga Kano, ya kashe injin kansa sau biyu, ya sayar da babur ɗinsa ya koma tafiya a ƙasa. Ranar da ya zuba man a injin niƙa na ƙauyen Kekun Waje ina wurin, na je gaisuwar rasuwa. Injin ya yi tari sau uku ya kama. Wallahi Gwaggo na ga mata suna guɗa suna hawaye, ni ma ban san lokacin da na yi tawa guɗar ba. Ban taɓa ganin mutum mai naci irin tsohon nan ba, kuma har gobe ina girmama shi.

Da yake ba shi da ƙarfin sayen babban injin matsa, sai aka ba shi shawara ya yi rajistar kamfani ya sayar da hannun jari. Aka sa masa Kamfanin Man Shinge, aka buga wasu korayen takardu, kowace naira ɗari biyar. To kin san mutanenmu. Kafin wata uku dillalai sun kafa rumfa a ƙofar kamfanin, takarda ta zama haja. In layin mai ya yi tsawo a gari ta hau, in tanka ta shigo ta faɗi, wani lokaci tsakanin hantsi da la'asar. Shi Malam Shu'aibu ko leƙa rumfar ba ya yi. An ce wani ya je masa albishir takarda ta ninka, ya ce masa, "Ni dai mai nika yi, takarda ku kunka san ta," ya mai da kai cikin injinsa.

Ga inda na shigo, don ni ma na sayi takardun. Duk tankar da za ta Gusau sai ta bi ta gabana, kuma direbobin a rumfata suke cin na rana. Direba in ya ƙoshi ba ya riƙe magana. Ni nake fara sanin tanka nawa ke tafe, da ranar da lodin mai ya tsaya a Kudu. Sai in hau mota in je in sayar kafin su iso, ko in saya kafin layi ya dawo. Sau uku na yi haka, sau uku na ci, har na sa wa rumfata kwano na daina fama da zana. Ban ga laifina ba, kowane dillali a rumfar nan yana da nasa ɗan leƙen asirin, nawa dai sun fi nasu gaskiya ne saboda miyata ta fi daɗi.

Ina da aminiya, Delu. Tare muka tashi a 'Yandoto, muka ƙulla ƙawance da goro tun ba mu iya ɗaurin zane ba, ita aure ya kai ta Nahuce. Akwai wata langa mai murfi da ke yawo tsakaninmu fiye da shekara talatin. In ta zo mini da daddawa ta koma da kuka ko yaji, ba ta taɓa komawa wayam ba, ko shekarar da ƙasa ta tashi. Delu ce ta kwana arba'in a ɗakina da mijina ya rasu. Ita ce kuma ta fara haɗa matan Nahuce suna tsintar 'ya'yan bini-da-zugu a shinge suna kai wa kamfani, har injinsu ya dawo aiki. Mace ce da in ta sa hannu a abu sai ta ga bayansa, kuma ba ta san wayo ba ko na anini.

Watan jiya ta zo mini da kuɗi a ƙulle a bakin zane. Ta sayar da karsanarta da ke wurin kiwo hannun Fulani, jikar saniyar da ta gada wurin innarta. Ta ce tsoron dillalai take, in sayar mata daga nawa. Ranar takarda tana dubu ɗaya da ɗari biyar. Kuma a ranar, ana azahar, wani direba Mas'udu ya gaya mini tanka goma sha biyu na bayansa, jibi za su shigo. Da ma niyyata washegari da safe in je Gusau in sauke nawa duka. Na buɗe baki zan ce mata ta dakata kwana uku, sai na ji kaina ina cewa to. Na ɗan ce mata abin nan fa hawa da sauka yake, ta ce, "Ke ƙawa, ni ba saisuwa za ni yi ba. So nike in na ji injin na kuka in san da hannuna ciki." Na ba ta guda goma, muka je akawun kamfani ya sauya suna.

Tankoki suka shigo, takarda ta faɗo ɗari shida, har yau tana nan wajen. Na zauna ina jiran Delu ta zo ta zage ni in samu sauƙi. Ta zo kuwa, ranar Lahadin da ta wuce, da langarmu cike da sabulun da suke yi da tunkuzar man. Na ce mata ta ji an faɗi? Ta yi dariya ta ce, "To mi ya ragu? Injin ya bar niƙa? Takarduna na nan cikin adaka ko gara ba ta taɓa ba. Allah shi saka miki, ke kinka maishe ni mai kamfani." Gwaggo, da mari ta ba ni da ya fi mini sauƙi. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, domin in Delu ta san na sani na yi shiru, ban san ko za ta sake kallona da idon da ba. Ba ni da wata ita.

Ga dabarar da na yanke. In je Nahuce in ce mata kewar takarduna nake, ta mayar mini a kan kuɗin da ta saya, ta je ta nemi wata karsana. Ita ba ta yi asara ba, ni ban tona wa kaina asiri ba. Sai dai dole in yi sauri, don Mas'udu ya ce lodi ya sake tsayawa a Kudu, bayan waɗanda suka shigo babu wata tanka sai bayan Sallah, kuma labarin bai isa Gusau ba tukuna. In takarda ta hau kafin in je, kin ga babu sauran alherin da zan nuna mata. Langa tana nan a ɗakina, na rasa abin da zan zuba a ciki. In tafi da dabarar nan, ko me kika gani?

Mai Tuwon Bakin Titi, Tsafe

*

Wa alaikumus salam, Mai Tuwo.

Rubutunki ba ya buƙatar haƙuri, malamin ajinku ya ci ladansa. Kuma kin sa na ji ina son in je Gusau in ga Malam Shu'aibu da idona. Mutumin da ya dubi shingen da kowa ke wucewa ya ga man inji, ya sayar da abin hawansa don matan ƙauye su huta da daka, ya cancanci a cire masa hula. Delu ma haka. A duk rumfar dillalan nan ita kaɗai ce ta sayi takarda don abin da aka buga ta dominsa. Ke kanki ban raina miki ba: bazawara mai tuwo ta sha gaban dillalan Gusau sau uku da kunne kawai, ba ƙaramin kai gare ki ba.

Bari in fara da inda kike da gaskiya. Jin labari kafin wani ba sata ba ne. Wanda ya shiga rumfar dillalai ya san kowa da abin da ya ɓoye a hannun riga, da saninsa ya shiga. Kuma ba ke kika je Nahuce talla ba, ita ta zo, kin ma ce mata abin yana hawa yana sauka. Amma ke ma kin san wannan bai wanke ki ba, da ya wanke da ba ki rubuto ba. Delu ta guje wa kasuwa ne ta zo wurin aminiya, don ta tabbata a nan ba za a rufe ta ba. Ni ba malama ba ce, amma tun muna yara muke jin malamai na cewa an hana tarar fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga gari su san farashi. Ki tambayi limaminku ko naki bai yi kama da wannan ba, har ma da cinikin rumfar gaba ɗaya.

Yanzu dabararki. Ki sake karanta ƙarshen wasiƙarki a hankali, kamar wata ce ta rubuto miki. Kin ce ki karɓi takardun a kan dubu ɗaya da ɗari biyar, kin kuma ce kin san babu tanka sai bayan Sallah. Wato kin san za su hau, mai yiwuwa su wuce inda suke da. Da farko kin sayar mata kina sane za a faɗi, yanzu za ki saye daga hannunta kina sane za a hau, kuma a karo na biyun ma ta yi miki godiya. Ban ce da gangan kika shirya ba. Hannun da ya saba ne, yana aikinsa ko mai shi na kuka. Ban da haka, matar nan ta gaya miki da bakinta ba sayarwa za ta yi ba. Takardun nan su ne abin alfaharinta, ki raba ta da su don ki samu barci ba gyara ba ne.

Ga abin da na gani. Ki rufe rumfa yini guda, direbobi ba za su mutu ba. Ki je Nahuce cikin makon nan, ku shiga ɗaki ku biyu. Ki gaya mata labarin Mas'udu na farko, da ranar da kika ji shi, da yadda kika yi shiru. Kada ki ce shaiɗan, kada ki ce mantuwa, ki ce kwaɗayi, don shi ne. Sannan ki gaya mata labarinsa na biyu, kyauta, kafin kowa a Gusau ya ji. Takardu su zauna a adakarta, ta riƙe ko ta sayar, ita ta sani. Abin da ke tsakanin kuɗin da ta ba ki da abin da za ta biya da kin ce mata ta dakata kwana uku, nata ne, ki mayar mata ko takarda ta hau ko ba ta hau ba. Ba zai dawo da jikar saniyar innarta ba, wannan ta tafi, kuma ki faɗa mata kin san ta tafi. Amma zai sayi maraƙa a kai wa Fulani.

Ba zan yi miki alkawarin za ta yi dariya ba. Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi wata biyu ba ta leƙo Tsafe ba, kuma tana da haƙƙin haka. Ki daure. In kuwa kika yi shiru, ki tuna da kanki kika ce direba in ya ƙoshi ba ya riƙe magana, kuma ba a rumfarki kaɗai Mas'udu ke cin tuwo ba. Gara ta ji daga bakinki.

Wata ƙaramar shawara kuma: in da gaske kina girmama tsohon nan, ki ajiye ko takarda biyu ce da ba za ki taɓa kai wa dillalai ba, tanka ta zo ko kada ta zo. Kamfanin da duk masu shi ke gadin titi ba ya daɗewa.

Batun langa, ki sa kuɗin a ciki ki rufe, amma kada ki miƙa sai kin gama magana. Ki baro ta can, kada ki tambaya. Ranar da kika gan ta ta dawo Tsafe, ko barkono uku ne a ciki, kin samu amsarki. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya ran Delu, Ya sa albarka a injin Malam Shu'aibu.

Gwaggo Hanatu