Shirun Constance

Litinin, 7 ga Maris, 2011
Yau likita ta faɗi sunan abin: otizim. Constance ta cika shekara biyar, har yanzu ko kalma ɗaya ba ta furta ba. Babanta Katung ya tuƙo mu daga asibiti har unguwarmu, Wheaton, a nan ƙasar waje. Ya sauke mu a ƙofa, ya juya tasinsa zuwa filin jirgin saman Dulles.

Lahadi, 13 ga Maris
Ana buga ganga a coci Constance ta toshe kunne, ta fasa ihu tana buga kai da benci. Duk ido ya dawo kanmu. Wata ta raɗa wa ta kusa da ita, amma na ji: "Rashin tarbiyya ne." Na sungume ta muka fita. Ba zan koma ba.

Laraba, 23 ga Maris
Surukata ta bugo daga Kagoro. Wai hannun maƙiya ne, a kawo yarinya gida a yi azumi a kanta. Sai kuma: "Akwai irin wannan a danginku?" Na ce babu, Mama. Na ajiye waya.

Alhamis, 31 ga Maris
Na mari Constance. Ta cije ni a hannu ina mata wanka, na mare ta. Ba ta yi kuka ba, bango kawai ta kalla. Ya Yesu, wace irin uwa ce ni?

Lahadi, 10 ga Afrilu
Na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya ƙi buɗuwa. Na tashi na wanke kwanuka.

Asabar, 23 ga Afrilu
Gobe Ista. Mama Sabo, tsohuwar nan mai zama a bencin baya a coci, ta zo da masa a kwano. Bas biyu ta hau, da ciwon gwiwarta. Na zaci wa'azi ya kawo ta. Sai ta zauna a ƙasa kusa da Constance da ke jera cokula, tana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya.

Ashe ɗanta Sabo sikila ce ta kashe shi. Ta ce, "Shekara goma sha tara ina roƙo a warkar da shi, ba a warkar ba. Amma 'yata, ko kwana ɗaya Ubangiji bai bar ni ni kaɗai da shi ba."

Haushi na ji. Ni waraka nake so. Mama Sabo ta ce in je in kwanta, za ta duba Constance. Na yi barci har awa uku.

Asabar, 14 ga Mayu
Na leƙa ta taga, Katung na zaune a mota ya kifa kai a sitiyari. Na sauka na shiga gefensa. Ya ce, "Tsoro nake ji, idan mun mutu fa, wa zai kula da ita?" Na riƙe hannunsa.

Talata, 7 ga Yuni
A wurin koyar da magana na ga wata uwa sabuwar zuwa, Rabi, 'yar Kumasi, idonta ya kumbura. Na matsa kusa na nuna mata yadda ake cika takardun. Da za mu rabu na ce, "Zan sa ku a addu'a." Faɗa kawai na yi.

Ba abin da ya canja, da safe ma Constance ta fasa kofi. A hanyar komawa gida, sai da bas ya wuce tasha biyu na lura leɓuna na motsi, sunan Rabi nake ambata, har na kai ga namu.