Akushin Yaya Sani

Zuwa ga Yaya Hajara a Kaduna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Mu nan Haɗeja lafiya, ruwa ya fara janyewa daga fadama.

Yaya, littafin ƙarshe na labarin masuncin nan da aljanun ruwa suka ɗauke ya fito, an kawo daga Kano. Matan gida suka taru bayan la'asar na karanta musu. Masuncin bai dawo ba. Ya zauna a garin ƙarƙashin ruwa, labari ya ƙare.

Goggo ta ce, "Wannan marubuci ba shi da tausayi, duk jiran da muka yi." Talatu ta ce an yage shafi ne, ta karɓa tana dubawa, alhali ba ta iya karatu ba. Aka yi dariya.

Inna ba ta yi ba. Kin san tun da jirgin Yaya Sani ya nutse a hanyar Auyo ba a gan shi ba, kullum sai ta zuba masa tuwo ta rufe. Ta ce, "Shi ke nan, Binta?" Na ce, "Shi ke nan, Inna."

Da magariba ba ta zuba ba. Ta wanke akushinsa ta kife. Ta ce ki zo, za a yi masa sadaka. Ni har yanzu ban yi kuka ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta