Wa Ya Kai Maganar Idona Makaranta?

Zuwa ga Yayana Likita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan gwiwar nan taka ta daina yi maka tsiya. Ka gaishe min da 'yan tafiyar safe gaba ɗaya, ban da mutum ɗaya da zan ambata a ƙasa.

Ka yi haƙuri da na ɓace ba sallama. Ina gidan babbar 'yata yau kwana tara, ina jiran layi a asibitin ido. Wayar ma kashe ta na yi, don na gaji da masu jaje. Shi ya sa ka ga takarda, da rubutu manya-manya kamar na ɗan aji ɗaya. Wani abokina mai jan motar haya ne zai kawo maka, shi za ka ba amsa.

Ka dai ji an sallame ni. Shekara goma sha tara ina jan motar ɗaliban makarantar nan, ko fenti ban taɓa gogewa ba. Ran nan na sauke yara, ina goge gilashi, sai shugabar makaranta ta aiko kirana. Ta ce in zauna, abin da ba ta taɓa ce min ba. Ta ce, "Baba Direba, an sanar da mu idonka na hagu ba ya gani sosai. Gaskiya ne?" Na ce wa ya faɗa? Ta ce ba abin da ta tambaye ni ke nan ba. Ban musa ba. Daga ƙarshe ta nuna min tebur, na ajiye makulli na fito.

Likita, maganar idon nan a wuri ɗaya na taɓa yin ta, a hanyar bayan filin ƙwallo, ranar da muka rage mu uku, ni da kai da Tela. Kai ka yi shekara talatin kana jinyar mutane a asibiti, har muka maƙala maka Likita, ka san yadda ake riƙe sirrin mara lafiya. To saura wa? Kuma ka ji wanda aka ba motar tawa? Ɗan ƙanwar Tela!

Abin da ke ci min rai, kai ka jawo ni cikin tafiyar nan shekara biyu da suka wuce, lokacin da sukari ya kusa kwantar da ni, tumbina yana gogar sitiyari. Ranar farko ko gada ban kai ba na zube a bakin hanya ina haki, Telan nan ne ya tsaya yana min fifita da hularsa. Yanzu na matsa bel ɗin wandona huda uku, ina barci kamar jariri, ina gaba kuna baya har kuka sa min Babu-Burki. Tun da mai ɗakina ta rasu ban yi dariya irin ta hanyar nan ba. Na ɗauka 'yan uwa na samu.

Don Allah ka bincika min, ina so in ji daga bakin wanda na yarda da shi. Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Direba

*

Zuwa ga ƙanena Direba,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, na gode da gaisuwa. Iyali suna amsawa, gwiwa kuma da sauƙi. Ina fatan 'yarmu da maigidanta da jikoki suna lafiya.

Na yi farin ciki da ka nufi asibitin ido. Ka kai musu katinka na awon sukari, domin ciwon sukari ne ke taɓa jijiyoyin ido, kuma za su so su ga yadda ya sauka a shekara biyun nan. Kada ka bar shan magani don ɓacin rai. Kada kuma ka bar tafiya. Ko layin gidan ne ka zagaya sau biyar da safe. Jiki ba ya jiran a gama fushi.

Mutanenka suna nan. Mun ƙaru da mutum biyu, wani mai gyaran famfo da wata malama da ta yi ritaya, wadda hawan jini ya kawo mana ita. Tunda ba ka nan babu mai ja mana gaba, sai mu kai gada rana ta fito. Mai Burodi ya ce in gaya maka motar tafiyarmu ta zama kurar turawa.

Game da Tela, ina roƙonka kada ka yanke masa hukunci. Na tabbata ba shi ba ne. Akwai maganar da ta fi dacewa baki da baki, ka bari sai ka dawo mu zauna. Yanzu lafiyarka ita ce gaba da komai.

Allah ya ba da sa'ar aiki. Wassalam.

Yayanka,
Likita

*

Likita,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya a nan.

Takardarka ta makara. Kafin ta iso na kunna waya, na tura saƙon murya a zauren ƙungiyarmu, kuma na san ka ji. Na kira Tela munafuki, na ce ya ɗinke min baki da murmushi ya yanke ni ta baya da almakashi. Mutum ashirin da huɗu suka saurara, babu wanda ya ce uffan. Shi ma bai tanka ba. Mai gaskiya yana yin shiru a zage shi haka?

Tafiya ina yi. Ni kaɗai nake zagaya layin kamar mai neman akuyarsa, karnukan unguwa sun san ni. Babu daɗi, sai ka ga minti goma ya zama awa.

Amma na karanta takardarka sau uku da idon da ya rage min. Ba ka ce kana zato ba, ba ka ce kana fata ba. Cewa ka yi ka tabbata ba shi ba ne. Yaya aka yi ka tabbata? In ka san wanda ya yi, ka rubuto sunansa. Ba na son baki da baki, ina son shi a takarda.

Sai na ji daga gare ka.

Direba

*

Zuwa ga ƙanena Direba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake ban sani ba ko za ka so gaisuwata bayan ka karanta wannan.

Ni ne. Ni na je wurin shugabar makaranta da ƙafata, ran wata Alhamis, na gaya mata.

Ga yadda aka yi. Bayan ka faɗa mana maganar idon, sai na koma jerawa ta hagunka ina lura. Sau biyu mai keke ya zo ta wannan gefen ba ka gan shi ba sai da na ja rigarka. Na ce maka ka je a duba, ka ajiye tuƙi tukuna. Ka ce sai an yi hutu. Na sake faɗa a gindin gada, ka mai da abin wasa, ka ce motar ta san hanya ko da ka rufe ido biyun.

Ran Laraba ina tsaye a mahaɗar da ke gaban kantin magani ka fito da yara. Wani mai babur da mace a bayansa suna hagunka. Ka karya kan mota ka shiga titi, mutumin ya kauce ya faɗa kwata, matar ta kurje hannu. Kai ko waiwaye ba ka yi ba, domin ba ka san an yi ba. Yara ne suka leƙo ta taga suna kallo. Ni na wanke wa matar ciwon.

Washegari na tari Tela da maganar. Ya ce kada in je, mu taru mu zaunar da kai, mu ba ka mako guda ka ajiye da kanka. Na ce mako guda sawu goma ne da yara talatin a mota. Muka rabu ba daɗi, na wuce makaranta. Ɗan ƙanwar Tela kuwa, sanarwar neman direba ya gani a ƙofar makaranta ya nema. Tela ya hana shi, yaron bai ji ba.

Tun ranar saƙonka Tela bai sake fitowa ba. Na je shagonsa na auna shi, jininsa ya hau sosai. Na ce zan faɗi gaskiya a zaure, ya ce in bari, gara ka tsane shi da ka tsane ni, don ni ne kake jin maganarsa a kan magani. Na kasa ci gaba da ɓuya a bayansa.

Zuwa makarantar ba na nadamarsa. Abin da nake jin kunyarsa shi ne kwana goma sha ɗayan da suka biyo baya, kafin su kira ka. Kullum ina jerawa da kai, ina auna ka, kana ba ni labari ina dariya, na kasa buɗe baki. Tsoro ne ya hana ni, ba ni da wani uzuri.

Ina neman gafararka. Allah ya ba ka lafiya.

Yayanka,
Likita

*

Malam,

Na amsa sallamarka don ta Allah ce.

Kwana biyu takardarka tana aljihuna, abinci bai wuce min ba, har 'yata ta ce ko sakamakon asibiti ne nake ɓoye mata.

Mai babur ɗin ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba, kuma tun da na karanta nake ganinsa. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba sai ka tuna min ba.

Amma kai! Ka wanke wa matar ciwo ran Laraba, ran Alhamis da safe muka yi tafiya tare. Me ya hana ka ce min, "Jiya ka jefa mutane a kwata"? Ka gaya wa Tela, ka gaya wa shugaba, ni mai idon ne kawai ban cancanci ji ba? Da ka tsayar da ni ka ce, "Yau zan je makaranta, ko ka riga ni ko in riga ka," da na zage ka, na sani, amma da na je da ƙafata. Da na ajiye makullin da hannuna, na tsaya a ƙofar mota na yi sallama da yarana ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda na ɗauki iyayensu suna aji ɗaya. Yanzu an fitar da ni kamar wanda aka kama yana ɓoye laifi, iyaye suna cewa ashe makaho ke jan 'ya'yansu.

Kuma ka ce shugaba ta yi kwana goma sha ɗaya kafin ta kira ni. Ina sawu goman naka a lokacin? Kana kallo ina ɗiban yaran safe da yamma, kai ka sauke nauyinka a ofis ka samu barci. Da yaran ne a ranka, da a gaban motar ka tsaya.

A kwanakin nan ne na kawo maka takalmin tafiya da na gani a kasuwa, na ce zai yi wa gwiwarka daɗi. Ka karɓa, ka sa, ka yi godiya. A kwanakin nan ne na ba ka labarin mafarkin da na yi da marigayiya, wanda ko 'ya'yana ban gaya wa ba. Kana ji kana gyaɗa kai.

Sannan na rubuto maka ina kuka da Tela, ka amsa min da katin awon sukari. Da ka buɗe baki tun kafin in tafi, da ban tozarta bawan Allah a gaban mutum ashirin da huɗu ba. Ka sa na ci amanar mutumin da ya tsaya min, ga shi jininsa ya hau a kaina. Wannan ita ce ba zan iya haɗiyewa ba.

Na tura saƙo a zaure na wanke Tela, na ce ni ne mai laifi. Sunanka ban ambata ba, kai ka san yadda za ka yi da bakinka. Na kira shi, ya ɗauka, ya ce, "Babu-Burki, ai ka taka ni ka wuce." Muka yi dariya, sannan na kashe wayar.

Kada ka ƙara kirana ƙanenka. Ka gaida iyali, su ba su yi min komai ba.

Direba

*

Malam,

Sallama. Takardunka biyu sun iso cikin watan nan, ɗaya na karanta. Na kuma ji ka faɗa wa ƙungiya a gindin gada cewa kai ne ka kai maganata makaranta, Mai Burodi ya ba ni labari.

An yi aikin. Idon dama ya tsira, na hagu sai inuwa. Likitan ido ya ce ni da sitiyari mun rabu har abada, kuma ya ce tafiyar shekara biyun nan ce ta sa na daman bai bi sahu ba. Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka.

Ina dawowa ran Asabar. Ran Litinin zan fito, don ba zan bar maka hanyar da mutanen ba, ina da rabo a cikinsu. Na shawo kan Tela, shi zai riƙe min hagu. Kai ka bi baya. In ka yi sallama zan amsa. Abin da ya wuce haka ba ni da shi yanzu, kuma ban san ranar da zan samu ba.

Ka huta lafiya.

Direba