Kofi na Biyu Bayan La'asar

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kabarinki ban sani ba balle in kai miki. A maƙabartar Baƙi'a ba a rubuta suna, mu mata kuma iyakarmu bakin katanga. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koye shi, ke kanki kin sha riƙe mini hannu.

Babanki lafiya, sai gwiwa, yanzu a kan kujera yake salla a Harami. Ƙaninki Bashir yana nan unguwar Khalidiyya, matarsa ta sauka, namiji. Inna Hajara sukari ya taɓa mata ido. Mijinki Usman yana garin Yanbu wurin aikinsa, ya rame. Ni ina ci ina sha. Wadda na kasa cewa lafiya take ko ba lafiya ba ita ce 'yarki Hanan, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Kin tuna fim ɗin 'yan Koriyan nan da kike kunna mana? Labarai daban-daban, amma teburi ɗaya ne a gidan shayi, kusa da taga. Mutum biyu su zauna, su yi magana ƙasa-ƙasa, su tashi, wasu su zo. Ba faɗa, ba waƙa. Na tambaye ki ko lalacewa ya yi, kika yi dariya har kika ƙware. Ke ce mai tsayar da shi ki juya mini tarjamar Larabcin zuwa Hausa. Labarin ƙarshe ne ba mu kai ba. Kin ce sai kin fito daga mustashfa, asibitin da aka kwantar da ke.

Watan jiya na kunna shi, ina bin rubutun da yatsa a hankali. A labarin ƙarshen mace ɗaya ce. Ta sa a kawo kofi biyu, tana magana da kujerar da babu kowa, sai ta yi shiru kamar mai saurare. Inda ta yi shiru ba a rubuta komai ba. Hanan tana gefena. Da matar ta yi shiru sai Hanan ta fara ba ta amsa da Hausa.

Kin san 'yarki. A yi mata Hausa ta mayar da Larabci, ko ruwa ba ta iya roƙa da harshenmu ba. Amma ran nan Hausa ce tsaf, har da gyaran muryar da kike yi kafin ki faɗi abu mai nauyi. Yarinyar da ba ta kai bakwai ba, a ina ta samo?

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta jera shayi kofi biyu a falo, ta zauna tana fuskantar kujerarki. Ta yi magana da muryarta, ta amsa da taki. In ta tashi nakan duba kofi na biyu, in tarar ya ragu. Na ce wa kaina sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne ke busar da shi. To mukayyif yana barin sukari a gindin kofi ba a juya ba, yadda kike bari?

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, Allah Ya yafe mini. Na yi mata tofi, na kunna Baƙara a ɗakin. Ba ta kuka, ba ta firgita. Abinci ne ta rage, kuma kullum kujerarta tana ƙara matsawa kusa da taki. Ni ban taɓa ganin lokacin da take jan ta ba.

Ban gaya wa Usman ba, ban gaya wa babanki ba. Gaskiya ita ce nakan laɓe a bakin ƙofa ina saurare, don babu inda zan ƙara jin muryar nan. Wace irin kaka ce ke barin jikarta tana ramewa don ta ji murya?

Shekaranjiya ta juyo ta dube ni, ba irin kallon yara ba. Ta ce a fim ɗin kowa yana kiran sunan wanda ke gabansa, ke kuma har kika tafi kina jiran in kira naki. Wa ya gaya mata? Ke 'yar fari ce, haka na ga uwata ta yi, haka na yi. Ban taɓa kama sunanki ba. Ko ranar da likitoci suka tura gadonki suka rufe ƙofa, “ke” kawai na ce. Na ɗauka kin san kunya ce. Kin sani kuwa? Ko ke da kika tashi a unguwar Bani Harisa, inda uwaye ke ƙwala wa 'ya'yansu kira daga taga, kin ɗauka wani abu ne daban?

Ran Alhamis Usman zai zo ya tafi da ita Yanbu, ta shiga makaranta a can. Da na yi niyyar roƙonsa ya bar mini ita. Yanzu tsorona kada ya tafi da ita abin ya bi ta, can inda babu mai laɓewa a ƙofa.

Ga abin da zan yi. Ran Laraba zan kai ta gidan Bashir. Bayan la'asar zan zuba kofi biyu, in zauna a kujerarta, in kira ki da bakina. In kirana kike jira, ki karɓa, ki sakar mini yarinyar. In kuma ba ke ba ce ke shan shayin nan, to gara ni ya tarar a kujerar.

Ki ba ni amsa kafin Alhamis. Bari in gwada rubuta sunanki tukuna, in ga ko hannuna zai yarda. Ramlatu.

Allah Ya haskaka kabarinki, ko wanne ne a cikinsu.

Ni ce mahaifiyarki,
wadda ba ta taɓa kiranki ba